Rasuwar Tsohuwa, Mai Riƙe da Shafin Ƙwallon Pucaloma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Jairo Tenezaca, a madadin kaina da mahaifiyata Inna Dolores da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Pucaloma, nake sanar da rasuwar kwamfutarmu, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Asabar da ƙarfe uku da rabi na yamma, a kan bulo biyun da take zama, gefen hoton Baba. Shekarunta goma sha ɗaya a duniya, huɗu a hannuna. Ba kowa a ɗakin sai ni.

Marigayiyar ba 'yar garin nan ba ce. A kwali ta zo daga garin Danbury na Amurka, naɗe cikin wandon aiki. Yayana Kléver ne ya aiko ta, shekarar da ya tsallaka Amurka. Ya rubuta a jikin kwalin: "Ƙane, karatu za ka yi da ita, ba kallon fim ba." Karatun ya tsaya a sakandare. Ba ta taɓa yi min gori ba.

Shekara ɗaya da zuwanta Baba ya rasu. Kléver ba shi da takardu. In ya zo, ba zai iya komawa ba. Ya kira ranar jana'iza yana kuka. Na ce masa tunda mutum huɗu sun ɗauki akwatin gawar babu shi, kada ya ƙara kiran gidan nan. Ya ji magana. Bayan wata biyu lambarsa ta daina shiga.

A watannin nan ne na ɗora wa Tsohuwa aikin da ta mutu a kansa. Hannuna ba abin yi, sai na ce bari in buɗe wa ƙungiya shafi a intanet. Manyan manhajoji sun fi ƙarfinta, na nemo wata 'yar ƙarama wadda ba ta buƙatar rumbun bayanai: kowane shafi fayil ɗaya ne na rubutu, a folda ɗaya. Kwana uku ina bin umarni da Turancin da rabinsa kawai nake ganewa. Rana ta farko allo fari fat. Rana ta biyu ma haka, ashe ban ba foldar izinin rubutu ba. Rana ta uku sunan ƙungiya ya fito da koren launin rigarmu. Na juya in nuna wa wani, ba kowa. Na nuna wa hoton Baba.

Ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Shekara uku ba ta yi hutu ba. Duk Lahadi da yamma ta karɓi sakamakon wasa ba tare da ta yi dariya ba, har ranar da aka zuba mana tara. Ba ta da yawan magana. In ta tashi ta ce ƙyit. In tana tunani ta ce ƙir-ƙir-ƙir. Sauran lokaci fankarta ce kawai, fuuu, kamar mai hura gawayi. Wani lokaci ita kaɗai ke magana a gidan.

Tana da littafin baƙi, inda take rubuta duk wanda ya shigo: daga wane gari, ƙarfe nawa, wane shafi ya buɗe. Ba su da yawa. 'Yan wasa masu neman sunansu, da abokan hamayya masu neman abin tsokana. Sai kuma mutum ɗaya daga Danbury, duk Litinin, shida saura ashirin na safe, lokacin da masu aikin rufin gida irin su Kléver ke jiran mota. Ya duba sakamako. Daga nan ya buɗe tsohon hoton ƙungiya, wanda Kléver ke tsugune da safar hannu ta gola, Baba na tsaye a gefe da hularsa. Ya fita.

'Yan garinmu sun fi talatin a Danbury, na sani. Shi ya sa na gwada. Na ɗauki Inna hoto tana ba cuy ɗinta ciyawa, 'yan dabbobin nan masu kama da zomo da muke kiwo, na ɓoye shi can ƙasan shafin jadawali, inda ba mai zuwa. Litinin ɗin nan an buɗe shi sau huɗu.

Na gaya wa Inna. Tun daga nan duk Litinin, kafin ta ɗora tukunyar mote, dafaffiyar masarar da muke ci, sai ta leƙo ta ce, "Ya zo?"

In ce, "Ya zo."

Sai ta koma wajen tukunyarta. Ta saƙa wa Tsohuwa mayafin ulu, wai sanyin dutse zai kama mai kawo mata ɗa. Ta rufa, in yaye saboda fanka ta sha iska, in na fita ta sake rufawa. Ban ɗora wa kowa laifi ba.

Laifi ɗaya ne, kuma nawa ne. A fayil ɗin saiti akwai layi guda da ke buɗe akwatin sharhi. A makon farko 'yan tallar caca da magungunan ƙarya suka cika shi, na mayar da layin daga eh zuwa a'a. Shekara uku yana nan a a'a. Duk wanda ya tambaya sai in ce mantawa na yi. Ba mantawa na yi ba. Ina tsoron abin da zai rubuta, kuma na fi tsoron in buɗe ya ƙi rubuta komai. Mutum ya zo ƙofar gidansu sau ɗari da wani abu, ba inda zai ƙwanƙwasa.

Rashin lafiyarta ya fara da zazzaɓi a watan Afrilu. Batir ya kumbura har madannai suka ɗago. Sai faifan ajiyarta ya koyi sabuwar magana: tak, shiru, tak. Na saka ta a jaka na hau bas zuwa birnin Azogues wajen Don Eloy mai gyara. Ya kara kunnensa a ƙirjinta, ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Saurayi, wannan ba ni take nema ba, Fadan coci take nema. Kai ta gida, ka faɗa mata abin da za ka faɗa."

Ranar Juma'a na buɗe fayil ɗin, na goge a'a, na rubuta eh. Kwana uku kawai na roƙe ta. Ta ba ni ɗaya. Ranar Asabar ta ce tak, ta ce tak, fankar ta ja dogon numfashi, ɗakin ya yi tsit.

Litinin ɗin da ta wuce, wani ya zo shida saura ashirin ya tarar da allo fari. Ko ya zo ma ban sani ba, mai rubutawa ta tafi. Inna ta leƙo ta tambaya. Na ɗauki lauje na fita yankan ciyawa.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da jaka, da mayafin ulu, da shafuka ɗari biyu da goma sha huɗu waɗanda Don Eloy ya ceto saba'in daga cikinsu. Hoton ƙungiya yana ciki. Ta bar Inna, ta bar ni. Ta bar baƙo ɗaya da bai san an yi rasuwa ba. Allah ya ba ta hutawa a inda babu zafi.

Jana'iza kamar haka. Wankin kayan mamaci na rana ta biyar, bisa al'adarmu, an yi shi a rafi, Inna ta wanke jakar da mayafin da hannunta. Ranar Lahadi bayan wasa 'yan ƙwallo za su yi shiru na minti ɗaya a bakin ragar da ke kallon dutse, daga nan a miƙa gawar ga Don Eloy ya raba sassanta ga mabuƙata. Akwai kofi da mote a gida ga wanda ya zo. Ba a buƙatar furanni.

Wannan sanarwa tana zaune ne a kwamfutar Doña Piedad mai kantin magani, a adireshinmu na da. Ta saba kashe ta in ta rufe shago, amma ta yarda ta bar ta a kunne har azahar ɗin Litinin. Ta ce daga nan in nemi wani wurin makoki, shagonta ba coci ba ne.

Masu ta'aziyya daga nesa, akwatin da ke ƙasa a buɗe yake. Na duba layin sau uku.

Yaya, ko harafi ɗaya ne. Inna za ta tambaya.