Rasuwar Koriya, Ƙofar Garejin Zeferino

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, iyalan Zeferino Meque na unguwar Macuti a birnin Beira suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar ƙofar garejinsu, wadda aka fi sani da Koriya saboda koren fentinta. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, tana tsaye a bakin aikinta, bayan shekara ashirin da shida tana fuskantar teku. Tun ranar gidan yake baki buɗe, ga shi rediyo ya ce wata guguwar tana haɗa kayanta a tsakiyar ruwa, ana sa ran isowarta mako mai zuwa. Kowa a garin nan ya sani, in iska ta samu hanya ta gareji, rufin gida ne zai bi ta.

Marigayiya mai kunya ce, ba ta taɓa buɗewa ba sai an roƙe ta. Sai Zeferino ya ɗaga ƙyauren hagu da gwiwa, ya tokare na dama da kafaɗa, ya lallashe ta, sannan ta amsa da ƙiiiii mai tsawo, ta ƙarasa da garam. Da wannan muryar rabin layin suke sanin ƙarfe shida ta yi. Ɓarawo bai taɓa shiga ta wurinta ba, don ko mai gidan da makulli a hannu sai ya yi gumi. Ga riƙon sirri. Wata takwas ta ɓoye sabuwar ragar kamun kifin da Zeferino ya saya bai faɗa wa matarsa ba.

Ta daɗe tana jinya. Gishirin teku ya cinye mata ƙafafu, tsatsa ta hau har ƙugu. Zeferino kuwa mutum ne da ya yi imani babu cutar da fenti ba ya warkarwa, duk shekara sai ya shafe ta da kore, ya ja baya yana yaba kansa. Matarsa, Dona Ermelinda, takan leƙo ta ce, "Baban Celeste, wannan fa ba ƙofa ba ce, fenti ne kawai a tsaye."

Duk da haka guguwa biyar ta gani da idonta, saboda dabarar gidan. In aka yi shelar iska, Zeferino yakan jingina tsohuwar katifa a bayan ƙofar daga ciki, ya yo baya da a-kori-kurarsa har ta danne katifar. Motar dai birkin hannunta ya daɗe da mutuwa, giyarta kuma ba ta da alƙawari, wani dutse da ake sa mata a gindin taya shi ne ke riƙe ta.

Ranar Litinin layin duk yana kan tsani, ana jera buhunan yashi da duwatsu a kan kwano kamar yadda aka saba. Zeferino ya gama gyara motarsa, ya shiga neman abu mai nauyi, sai idonsa ya faɗa kan wani lafiyayyen dutse a gareji. Ya ce, "Wane marar kan gado ne ya bar wannan a ƙasa?" Ya saɓa shi, ya hau da shi rufi, har da nishi.

Da iskar ta zo, ta tura ƙofa, ƙofa ta tura katifa, mota kuwa ta gangara gaba a hankali ta je ta tsaya jikin bango kamar ba ta san kowa ba. Koriya ta rage ita kaɗai. Kusan awa biyu iyalin suna ƙunshe a ɗaki suna jin ta, bum, bum, ƙiii, bum. Sai da iskar ta fara gajiya sannan ta saki bango ta kwanta. Kwano uku suka tashi daga saman gareji, rufin gidan kuwa yana nan. Zeferino ya yi kuka ranar, bai kuma ɓoye ba, don ya san wadda ta tsaya musu.

Iyalin suna so su gyara wata magana. An ji Zeferino yana faɗa wa maƙwabta cewa ƙarfin iska ne kawai. Dona Ermelinda ce ta hango dutsen a saman rufi washegari, ta nuna shi da muciya ta ce, "Iskar ce ta hau tsani da shi?" Ya amsa laifinsa, a bar maganar haka.

Marigayiya ta bar mota ɗaya wadda har yanzu ba a yi mata magana ba, da katifa, da kwaɗo mai makulli biyu, da rabin gwangwanin koren fenti, da Zeferino.

Batun magajiya an sha fama. Zeferino ya je wurin Gimo mai walda da zane a takarda, yana son mai 'yan tagogin gilashi a sama da furen ƙarfe a tsakiya. Gimo ya juya takardar ya ce, "Kawu, ƙofa kake nema ko amarya? Gilashin nan shi iska za ta fara gaisarwa." Abin da ya haɗa ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ƙarfe ne mai kauri, an gicciya masa sanduna huɗu ta baya, da sakata sama da ƙasa, da turken tsakiya da ake kafawa ranar iska. Ginshiƙanta kuma sai an binne su cikin kankare har gwiwa, kankaren yana son kwanaki ya kama. Zeferino ya tambaya ko ita ma a danne ta da mota. Gimo ya ce, "Kawu, don Allah ka bar motar nan ta huta."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe. Maza shida za su ɗauki marigayiya zuwa shagon Gimo, inda za a yanke abin da tsatsa ta bari a rufe gurbin kwano ukun da suka tashi. Daga nan a dawo gida a haƙa rami biyu, ba na binne ta ba, na ginshiƙan sabuwa. Ba a buƙatar furanni. Mai shebur ya zo da shebur, mai bokiti ya zo da bokiti, wanda ya zo da hawaye kawai za a ba shi kwaɓa siminti. Dona Ermelinda za ta yi tuwon masara da miyar ganyen rogo da kwakwa, amma ta ce ba za a buɗe tukunya ba sai ginshiƙai sun tsaya.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma sa kankare ya riga iska. Masu zuwa ta'aziyya kafin ranar su shigo kai tsaye ta gareji, babu abin ƙwanƙwasawa.