Taku Bakwai Cikin Rigar Dodo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake wallahi na gwada mantawar, da ranar da mai facin taya ya feɗe ni da wuƙa a tsakiyar filin lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta Kiyeshe, a gaban iyayen yara, a gaban diraktan makaranta, kuma a gaban Balkisa, yarinyar da nake nema da aure. Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba.

Ni malamin firamare ne, irin waɗanda yara ke ce wa Mushe, wato Malam da Faransancinsu. Lokacin da nake karatu a Yamai na tara tsofaffin finafinan Japan a kwamfutata, waɗanda wani ƙaton dodo mai kama da guza ke fitowa daga teku ya tattake birni. Ina kallonsu ne don in yi dariya. Kuma akwai abin dariyar. Fatar dodon roba ce, tana tattarewa a gwiwa kamar wandon aro. Jiragen sama da zare ake rataye su, in ka ƙura ido sai ka ga zaren. Motocin soja na wasan yara ne. Ga wasu likitoci masu fararen riguna da za su yi ta surutu har ka yi gyangyaɗi, an ɗora musu Faransanci, maganar ta ƙare bakinsu bai daina motsi ba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wani fim da ake hango zip a bayan dodon, inda mutumin da ke ciki yake shiga.

To, maganar aurena da Balkisa tana hannun mutum ɗaya, kakarta, Inna Dije. Mahaifin Balkisa ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, kuma ya faɗa mini ƙarara cewa abin da tsohuwarsa ta yanke shi ne. Ita kuwa tsohuwar, ƴar Lugu ce, ta yi bori a ƙuruciyarta (yanzu carbi ne a hannunta, ɗanta ma ba ya son a tayar da zancen), kuma ba ta yarda da ni ba. Ta ce wa Balkisa ni gwanin baki ne, ta ga alama in yunwa ta zo bayani zan yi mata. Wata biyar ina kai gaisuwa da goro, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Wata Lahadi da hantsi na je gaisuwa da jakar kwamfuta a kafaɗa, sai ta ce, "Mushe, mi kaka kallo cikin allon ga naka kullum? Buɗe mu gani."

Na ce abin nema ya samu, yau zan nuna mata ilimi. Na ɗora kwamfutar a kan turmi ƙarƙashin rumfa, na kunna mata fim ɗin nan mai zip, na baƙi-da-fari, na zauna ina fassara kamar aku. Ga zare, Inna. Ga mota ta wasa. Da aka zo wurin zip na tsayar da hoton, na nuna da yatsa ina ƙyaƙyata dariya. Ni kaɗai na yi dariyar.

"Sake shi shi tahi," in ji ta.

Na sake shi. Dodon ya ɗaga ƙafa a hankali, ya sauke, gidaje suka rufta cikin hayaƙi. Ya buɗe baki ya yi wani kuka da ya sa kajin gidan suka watse. Inna Dije ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Kai zip kaka kallo," ta ce. "Mu da munka yi wasan bori, in iska ya hau mace mun san Hajo ta, mai saida ƙuli. Muna ganin kaushin ƙahwatta. Amma in ta taso, wa ka kallon kaushi? Mutumin ga da ke ciki doki na, ya ɗauko abin da ya hi shi. Dubi yadda yaka aza ƙahwa." Ta matso da fuskarta. "Kuma dubi gudun mutanen ga. Waccan ta ɗauki tukunya ta bar takalmi. Haka kakata tac ce sunka yi ran da nasara, Turawan nan, sunka sa ma Lugu wuta. Waɗanga mutane sun taɓa ganin garinsu na ci."

Na san gaskiya ta faɗa, don ni da kaina na karanta yadda aka ƙone biranensu da bam a yaƙin duniya, shekaru kaɗan kafin su fara waɗannan finafinai. Sau goma na kalli fim ɗin ban lura da matar mai tukunya ba. Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa, da Balkisa na leƙe daga bakin ɗaki, sai na ji bakina yana cewa, "Ai Inna, wannan kowa zai iya. Ni ma sai in yi wanda ya fi shi, kuma ba za a ga zip ba."

"In gani a ƙasa," in ji ta, "an ce da kare ana biki gidansu."

Bikin rufe makaranta saura mako uku, ruwa bai sauka ba, zafi kamar a bakin tanda. Na ce wa dirakta ajina zai yi wasan dodo. Na kai wa Ɗanjuma mai faci tsofaffin tub na mota da na babur, muka yi kwanaki muna yanka muna liƙawa a kan buhunan gero. Masaki muka yi kai da shi, haƙoran ƙashin saniya ne, jela kuma muka cusa mata ƙaiƙayi. Ɗalibaina su suka gina garin da zan rushe, da laka da karan gero. Na ce su yi shi sama-sama, tunda rushewa za a yi. Ba su ji ba. Sun yi gidaje da darni, sun yi rijiya da guga, sun yi rumbuna masu hular ciyawa, tsawon kowanne bai wuce gwiwata ba.

Ranar biki bayan azahar na tuɓe, ya rage daga ni sai gajeren wando, na shiga rigar dodon. Ɗanjuma ya ce, "Mushe, bari in bar maka ƙohwa ta baya, mu ɗaure da igiya."

Na ce a'a, ni da na yi wa Japanawa dariyar zip? Ya liƙe ni ruf da gam ɗin faci. (A nan ne ya kamata wani mai ƙaunata ya mare ni.)

Tun kafin in fito daga bayan aji na gane na shiga uku. Rigar ta yi nauyin buhun gero. Warin roba da gam ya cika mini kai, gumi yana taruwa a ƙafafuna har ina jin sa caɓal-caɓal. Ba na ganin komai sai ta wata ƴar kafa tsakanin haƙoran saniya. Ƙafa ɗaya ma sai na tattaro duk ƙarfina nake ɗaga ta.

Amma ku ji ikon Allah. Aka buga tano, gangar ƙarfen nan ta zuba mai, dum, na sauke ƙafa. Aka sake bugawa, na sauke ɗaya. Saboda nauyin, tafiyata ta zama irin ta fim ɗin sak, a hankali, kowane taku da ƙurarsa. Filin da ke cike da hayaniya ya yi tsit. Ƙananan yara suka shige zannuwan uwayensu, wani dattijo ya miƙe yana salati, awakin da ke bakin katanga suka tsinke da gudu. Kowa a wurin ya san Mushe ne, sun ga lokacin da ake liƙa ni, amma ba wanda ya yi dariya. Ni kaina a ciki tsoro ya kama ni, tsoro mai haɗe da wani irin daɗi. Ashe abin da tsohuwa ke nufi ke nan.

A taku na bakwai na iso bakin garin. Na ɗaga ƙafar dama a kan rumbu na farko, na leƙa ta tsakanin haƙora. Yaran nan har tsani suka yi masa da tsinke. Hular ta ɗan karkace, sai na hango a ciki sun zuba gero na gaske, ɗan tafin hannu, a watan da kowane gida ke auna abin da ya rage masa kafin damina. Na tsaya da ƙafa a sama. Ana ta buga tano, ni ban sauke ba. Sai duniya ta fara juyawa, jela ta ja ni baya, na faɗi rigingine, tim, ƙafafu huɗu a sama kamar kunkurun da aka kifar.

Daga cikin masaki kuma aka ji muryar dodon teku, mai rushe birane, yana kuka da Hausa tsantsa: "Wayyo Allah, ku fid da ni! Zan mutu! Ɗanjuma, don girman Allah!"

Ƙofa dai babu, ni na hana a bar ta. Ɗanjuma ya durƙusa da wuƙarsa ya tsarga ni daga wuya zuwa cibiya, kuma cikin sauri wuƙar ta haɗa da zariyar wandona. Aka zaro ni jiƙe sharkaf, baƙin roba ya rine ni, hannu ɗaya riƙe da wando, dirakta na kwara mini ruwan buta a ka. Dariyar da aka riƙe tun ɗazu ta ɓalle gaba ɗaya. Balkisa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Ina zaune a inuwar aji an lulluɓe ni da labulen ofis, sai ga Inna Dije da sandarta. Na san aure ya tafi.

"Mushe, taku nawa ka yi?"

"Bakwai, Inna."

"Bakwai. Shi wancan na Japan gari guda yat taka, kai kana dariyar bayanshi." Ta dubi garin lakan nan da ke tsaye, ko darni ɗaya bai faɗi ba. "Amma na gane ka. Ka ɗaga ƙahwa bisa rumbu, ka kasa azawa. Wanda bai iya take rumbun wasa, ba ya barin jikata da yunwa. Ka turo magabatanka."

Yanzu shekararmu shida da Balkisa, kuma in ta so tsokana Dodo take kirana. Finafinan suna nan, ina kallonsu har gobe. Zaren yana nan, likitocin suna nan da surutunsu, zip ɗin ma yana nan. Sai dai in an zo wurinsa ba na dariya, addu'a nake yi wa bawan Allahn da ke ciki, da mai hankalin da ya bar masa ƙofa. Na koyi cewa kafin ka raina rigar wani, ka shiga ka yi taku bakwai a cikinta tukuna.

Inna Dije ta rasu bara, tana yabon tausayina ga duk wanda ya zo gaishe ta. Ban taɓa samun ƙarfin halin gaya mata ba cewa ni kaina, har yau, ban san ko tausayi ne ya riƙe mini ƙafa ko jiri ba.