Ranar da na durƙusa wa turmi

A unguwarmu ni ake kawo wa ganyen daji, in ce a ci ko a zubar. Da na tsinto naman kaza bisa kashin shanu wajen Gidan Katta, Bafillatana mai kawo mana nono ta ce, "Inna, wannan ba a cin shi." Na ce, "Ke ɗiyar nan, mi kika sani?"

Na sa a miya, na sha ni kaɗai. Can sai katanga ta fara numfashi, turmi ya koma marigayi maigidana. Na durƙusa ina ba shi labarin zamana bayansa, surukata tana kallo. Wallahi bai taɓa saurarona haka ba.

Har yau jikokina ba su daka sai sun ce, "Kaka, a taɓa angon naki?"