Shanun Laka a Cikin Randa

Shekarar da muka samu mulkin kai aka ɗauke ni aikin biro, wato ofis, a Dogon Dutsi, sai na ɗauka duk Arewa babu wanda ya kai ni iya ajiya. Wata rana na dawo na tarar da kayan wasan ɗana Isuhu baje a tsakar gida: 'yan tubalai kamar kan yatsa, da shanun laka da mahaifiyata ta gina masa a Matankari kafin rasuwarta. Kowace saniya yana kiranta da sunan da kakarsa ta raɗa mata.

Na ce gidan ma'aikaci ba ya zama haka. Matata Hajo ta tafi rijiya, yaron kuma yana maƙwabta. Na tsince su ɗaya-ɗaya, na jera cikin wata randa da na gani babu komai, tubali ƙasa, shanu bisa. Na fita hira ina jin kaina kumandan mai mulkin gari.

Ashe wanke randar Hajo ta yi. Ta dawo, ba ta leƙa ba, ta juye tulunta ciki.

Isuhu bai yi kuka ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya tura hannu cikin jan ruwan, ya lalubo guntun ƙaho, ya ce, "Baba, Kaka za ta gina wasu?"

Bayan shekaru da yawa, ranar da aka yi wa Isuhu ɗan fari, ya miƙo mini jaririn gaban jama'a, ya ce, "Riƙe shi, Baba, amma don Allah nesa da randa."