Rasuwar Auta, Mai Sauraren Ƙasan Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da suka rasa abin saurare, Baba Mai Naɗi, tsohon mai gyaran fanka da injin ban ruwa da ke ƙarshen layin maƙera, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Auta, naɗinsa na waya mai neman ƙarfe a ƙasan ruwa. Ya cika a tsakiyar tafki, a ƙarshen igiya, yana bakin aiki, bayan doguwar jinyar da ya ɓoye wa kowa har da mai shi.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, kuma su ne mafi yawa tunda shi ba mai son taro ba ne: kwalabe biyu ne na roba cike da kananzir, an naɗe kowace da siririyar wayar jan ƙarfe da aka warware daga cikin matattun fankoki, aka zura su a bututun roba, aka toshe bakin da gam. Asalinsa ke nan, babu abin ɓoyewa. An kuwa sha wahala kafin a same shi. Yayansa na fari ya ɗau zafi ya ƙone a kan tebur tun bai ga ruwa ba. Na biyun ya rayu, amma ya taso da surutu, da an jefa shi ruwa sai ya kamo tashar rediyo, Baba na neman ƙarfe ana karanta masa farashin taki. Sai da Baba ya gane a naɗa kwalba ɗaya dama ɗaya hagu, don hayaniyar duniya da ta shiga wannan ta fice ta waccan, sannan aka samu ɗa mai natsuwa. 'Yar Baba tilo, da ke aure a wani gari, ita ta raɗa masa suna cikin zolaya da ɗan kishi. Ta ce tunda Baba ya fi ambaton waya a kanta, ai an ƙwace mata autanci.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. A ba shi wuta daga batir na ɗan lokaci, a yanke, sai ya yi wani siririn kuka a kunne, tiiiiin, ya ja shi a hankali har ya ɓace. Wannan na nufin ƙasan ruwa babu komai sai laka da kifi. In akwai ƙarfe a kusa, kukan ya gajarce, tin. In ƙarfen na da nauyi kuma yana dab da shi, sai ya yi gum, ko tari ba ya yi. Amma shirun kaɗai ba hujja ba ne. Sai an matsa gaba muryarsa ta dawo, sannan a tabbatar cewa abin da aka baro a baya ƙarfe ne.

Kowa a layin ya san dalilin haihuwarsa, sai dai ba a faɗa a gaban Baba. Shekarun baya iska ta kife wani kwalekwalen fito a tafkin nan, kuma matar Baba, Mai Ɗinki, Allah ya jiƙanta, tana ciki. Ta kai kan kekenta na ɗinki gyara a tsallake ne, tana dawowa. Wata da ta tsira ta ce da igiyar ruwa ta fara tashi, Mai Ɗinki ta goya kan keken da zaninta kamar jariri, don ta samu hannun riƙe bakin kwalekwale. Ruwa ya dawo da kowa, masu rai da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ban da ita. Mutane suka yi ta ba shi haƙuri, ya karɓa, ya gode. Amma shi mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana bin waya har ya gano inda ta tsinke, kuma ransa ya tsaya a kan abu guda: inda ƙarfen nan yake, nan take. Ba ciro ta yake so ya yi ba. Wuri yake so da zai nuna da yatsa ya yi addu'a, maimakon ya tsaya a gaɓa yana kallon ruwan da ba shi da gabas ba shi da yamma.

Za a daɗe ana tuna Auta da tsantseni. Ba ya shiri da ƙarfe ko ƙanƙani, don haka a can baya ake jansa da doguwar igiya, nesa da ƙusoshin kwalekwale. Duk da haka Baba ya kafa doka, ba a shiga ruwa da mukulli ko agogo ko wuƙa. Mai Kwalekwale, tsoho ne sa'ansa, ya sha mita a kan wannan, musamman ranar da aka raba shi da bel ɗinsa ya wuni yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da wando. Ya rantse ba zai ƙara zuwa ba. Washegari ya zo da tazugen igiya.

Marigayin bai taɓa ƙarya ba, kuma gaskiyar tasa ce ta riƙa cin ran mai shi. Duk inda ya yi shiru, in masu nutso suka sauka, sai an samu ƙarfe. Ya gano ƙofar mota. Ya gano tukunya, da gadon ƙarfe, da keken hawa da ba wanda ya zo nema, da wata garma da har yau ba a san yadda aka yi ta je tsakiyar tafki ba. Kowane karo Baba zai zauna yana jira, kowane karo a ɗago masa tarkacen wani. Ya kan ce an gode, ya naɗe igiya. Mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, shi kaɗai ya ci ribar wannan nema, shi ya sa a layin nan ba wanda ya kai shi yabon Auta.

A gida kuwa Auta ba ya magana sam. Kwanon rufi da ƙusoshi da tarin tsofaffin injuna sun isa su rufe masa baki. Gidan da a da ƙarar keke ke cika shi tun hantsi, har maƙwabta na ƙorafi, ya koma ba ka jin komai sai tsiyayar famfo. Teburin keken na nan a ɗaki da ramin da kan ke zama, almakashinta na gefe inda ta ajiye shi. Baba ya kan jingine Auta a jikin teburin, ya zauna ya ci abincinsa yana kallonsa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ba sai an sakaya ba. Wasu ma na cewa ba neman ne kaɗai ke kai shi ruwa ba, can ne kawai yake da wanda zai amsa masa.

Ciwon ajali ya fara ne da dishewar murya. Baba ya ɗora laifin a kan batir, ya ƙara masa caji. Ya ɗora a kan kunnensa, ya ce tsufa ne. A fitarsu ta ƙarshe, da hantsi, ruwa a kwance, suka bi wani zurfi da ke bayan tsibirin ciyawa, inda ba su taɓa bi ba. Auta ya yi tiiin, ya yi tin, sannan ya yi gum. Baba ya ɗaga hannu, Mai Kwalekwale ya tsai da filafili. Suka jefa jarka ɗaure da dutse don shaida wurin, suka matsa gaba suna jiran muryar ta dawo. Suka ƙara matsawa. Suka kai har gaɓa, ba ta dawo ba.

Da aka fasa gam a shago, sai ga ruwa ya daɗe da samun hanya, wayar ta yi kore ta rube. Wurin kuma ya fi ƙarfin masu nutso. To ƙarfe Auta ya ji ya yi shiru, ko mutuwa ce ta zo masa daidai nan? Wanda ya sani shi ne kwance a kan teburin keke, an lulluɓe shi da ƙyalle.

Ya rasu ya bar batirin mota guda mai ciwon tsufa, da abin sauraro mai kunne ɗaya, da igiya, da Mai Kwalekwale wanda tun ranar yake zuwa shago ya zauna ba dalili. Ya bar yayarsa, wato 'yar Baba, wadda ta daɗe da gyara wa Baba ɗaki a gidanta yana ce mata sai an gama aiki. Da labari ya kai mata ta kira, ta yi ta'aziyya ba tare da dariya ba, sannan ta ce, "Baba, za ka naɗa wani?"

Baba ya dubi teburin keke. "In na naɗa wani, ya je ya yi kuka a wurin, ya ce babu ƙarfe fa?" ya ce. "Auta bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ki share ɗakin."

Za a yi jana'iza ranar da iska ta kwanta, da hantsi, a tashi daga gaɓar masunta. Ba za a yi salla ba, tunda marigayin waya ne da roba, kuma an riga an tsiyaye kananzirin don kada kifi su biya bashin da ba su ci ba. Ana roƙon mai gwangwan ya daina zagaye ƙofar shago, jan ƙarfen nan ba na sayarwa ba ne. Kwalekwalen mutum biyu yake ɗauka kuma an cika, amma mai son rakiya ya tsaya a gaɓa, ya bar mukullinsa a gida don girmama mamaci.

Ƙarfe ɗaya kawai aka yarda ya shiga ruwa ranar, shi ne almakashin Mai Ɗinki. Baba zai ɗaure shi a jikin Auta da hannunsa, ya sauke su tare a inda jarkar take. Daga ranar, duk wanda ya zo da na'ura ya saurari wurin zai tarar akwai ƙarfe a ƙasa, kuma nata ne.

Ba za a yi zaman makoki ba. Gidan zai kasance a kulle.