Ranar da Na Raka Ladan da Kalangu

Biki ne a Ƙofar Sauri, gab da magariba. Ni ne mai kalangu a ƙungiyarmu, kuma in kiɗa ya yi daɗi rufe ido nake yi. Ranar kuwa hannuna ya faɗa sosai.

Can sai na ji Garba mawaƙinmu ya yi shiru, 'yan amshi ma sun tsaya. Na ce a raina, yau dai sun gane wanda ke riƙe da ƙungiyar nan, sun bar mini fili. Na ƙara matse kalangu a hammata, har da girgiza kai.

Wani ya dafa kafaɗata. Na ɗauka liƙi ne, na miƙa goshi.

"Malam," in ji kawun amarya, buta a hannunsa, "in ka gama, ladan na son ya ƙarasa."

Na buɗe ido. Ashe kiran salla ake yi a masallacin jikin gidan, kowa ya yi tsit yana kallona.

Har yau da an fara kiran salla sai Garba ya waigo ya ce, "Makaɗin ladan, za ka iya tsayawa da kanka, ko a riƙe maka hannu?"