Rasuwar Alƙaliya, Kwamfutar da Ba Ta Karɓar Hula

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, Baba Mai Shago, na shagon buga takardu da ke ƙarƙashin bene kusa da mai gyaran agogo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a bencinsa yana jiran layi, rasuwar tsohuwar kwamfutarsa wadda aka fi sani da Alƙaliya.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce. Fara ce da ta koma ruwan ƙasa, ƙafarta guda ta karye tuntuni aka tokare ta da murfin kwalba. Amma Baba bai taɓa kama ta da ƙarya ba, kuma ba kowa zai yi wa wannan shaida ba a cikin gidansa.

Ga wanda bai san aikinta ba: shagon yana aika wa jama'a takardun neman aiki da na makaranta ta intanet, kamfanonin sadarwa da ake bi ta hannunsu kuwa sun yi yawa, kowanne na rantsuwa shi ya fi. 'Yar Baba ta tsakiya, kafin aure ya kai ta nesa, ita ta koya wa Alƙaliya gwada su kowace safiya: wa ke amsawa da wuri, wa ke ɗaukar takarda mai nauyi, wa ke yankewa ana tsakiyar aiki. Sai ta tara masu hali ɗaya wuri guda, kamar yadda Baba ke kasa albasa a zamanin da yake kasuwa. Kore, masu sauri da riƙon amana. Rawaya, masu nawa amma suna isar da saƙo. Ja, masu daɗin baki da ke yar da kai a hanya.

Baba bai yi boko mai nisa ba, amma ya san launi. Da safe za ta yi tarinta, ƙit-ƙit-ƙit, ta ja dogon numfashi, fuuu, sannan ta ce tiit, kashi uku su bayyana. Shi kuma ya nuna kore da sandarsa, yaran shago su bi. Da idonta yake mulkin shagonsa.

Ciwon ajalinta ya shigo ne ta ƙofa, sanye da kwat. Wakilin wani kamfani ya kawo wa babban ɗan Baba, wanda ya raɗa wa kansa suna Manaja, hula da lema da allon talla mai fitila. Washegari Alƙaliya ta gwada kamfanin, ta sa shi a ja. Manaja ya ce ta ruɗe, tsufa ne. Ta sake gwadawa, ta sake sa shi a ja, kusa da 'yan uwansa maƙaryata. Rannan Baba ya tafi asibiti duba ido, sai Manaja ya zare ta daga na'urar da ke daidaita mata wuta, ya jona allonsa a gurbinta, ita kuma ya soka ta a bango tsirara. Aka ɗauke wuta, ta dawo da ƙarfi. Mai gyaran agogo, wanda ya shaida cikawarta, ya ce kalmarta ta ƙarshe ita ce fat, sai ƙauri ya biyo baya. Allon talla yana nan lafiya lau, yana ƙyafta wa masu wucewa ido.

Ba a rufa mako ba 'yar tela, maƙwabciyar shagon ta shekara da shekaru, ta zo aika takardarta ta makarantar jinya a ranar da za a rufe karɓa. Aka bi ta kamfanin hula. Ya ɗauki rabi ya yanke, ya sake ɗauka ya sake yankewa, har ƙofa ta rufe. Yarinyar ba ta yi kuka a shagon ba, ta kai shi gida. Uwarta yanzu ta tsallaken titi take bi, kuma Baba bai ga laifinta ba. Shi ma yana zaune ne a kujerarsa da sanda a hannu, babu abin nunawa, babu mai tambayarsa.

Ta rasu ta bar allon rubutu wanda haruffa uku suka goge masa, da linzamin kwamfuta mai ɗingishi, da injin buga takarda da suka tsufa tare, wanda tun ranar yake cin takarda ba ya fitarwa. Ta bar gilashin fuskarta baƙi ƙirin. Ta kuma bar dattijo guda.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da hantsi zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayan tasha. Mai gyaran kwamfuta zai fara cire ƙwaƙwalwarta, a naɗe a ajiye wa 'yar Baba, ko Allah zai sa ta tashe ta a wani jikin. Manaja ne zai ɗauki mamaciyar a ka, a ƙafa, ba hula, ba lema. Ba a buƙatar wakilin kowane kamfani.

Masu ta'aziyya za a kasa su uku, bisa koyarwar marigayiya. Waɗanda suka zo tun ranar farko su hau benci. Waɗanda suka makara amma suka iso, akwai tabarma. Kashi na uku mutum ɗaya ne, kuma idan ya dawo daga bayan tasha ya tsaya a waje, ƙarƙashin allonsa.